Furen Dila na Namakwaland da Sunansa Mai Ɗauke da Iri Biyu

Yawancin wasiƙun da suka iso filin tsirrai a wannan karo a kan fure ɗaya suke, wanda hotunansa kan cika wayoyi duk shekara da zarar Agusta ta kama. Mun tara su wuri guda, tare da wasu tambayoyi a kan yadda masana ke raɗa wa tsiro suna.

Tambaya: Assalamu alaikum. An turo mini hoton wani fili fetal, ko'ina fure ruwan goro har gindin duwatsu, an rubuta wai hamada ce a Afirka ta Kudu lokacin bazara. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? Ni dai na san bazara da zafi da ƙura, ban san ta da fure ba. Daga wata malamar firamare a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wurin gaskiya ne, furen ma gaskiya ne. Sunan yankin Namakwaland, ƙasar al'ummar Nama, a lardin Kef ta Arewa, gefen tekun Atilantika. Babban garinsa Springbok, kimanin kilomita 550 arewa da birnin Keftawun. Ba hamadar rairayi ba ce irin ta Tenere. Jeji ne mai duwatsu da gajerun itatuwa waɗanda yawancinsu ba su kai sabara tsawo ba, da yawa cikinsu masu kaurin ganye da ke ajiye ruwa. An lissafa nau'in tsirrai fiye da 3,000 a yankin, kuma da dama daga ciki babu su ko'ina a duniya sai can.

Inda aka rikita ki shi ne kalmar bazara. Masu fassara sun saba aro ta don lokacin da sanyi ke janyewa a ƙasashen da ke da tsananin sanyi, alhali bazararmu ita ce ƙololuwar zafi kafin saukar ruwa. A Afirka ta Kudu, da yake tana kudu da tsakiyar duniya, sanyinsu daga Mayu ne zuwa Agusta, kuma a yammacin ƙasar cikin wannan sanyi ake ruwa. Furen yakan fito daga farkon Agusta zuwa tsakiyar Satumba, wato lokacin da mu muke tsakiyar marka.

Ruwan ba shi da yawa. Galibin yankin milimita 100 zuwa 250 yake samu a shekara, bakin teku ma ba ya kai haka. Amma yayyafi ne a hankali cikin sanyi, ƙasa tana sha, rana ba ta ƙafar da shi nan da nan, ga hazo da raɓa daga teku suna ƙarawa. Milimita 150 cikin sanyi ya fi milimita 150 cikin zafin Yuli aiki nesa ba kusa ba, shi ya sa ba za a gwada wurin da Agadas ba ko da awon ruwansu ya yi kusa.

Furen da ya fi cika irin waɗannan hotuna shi ne wanda masana ke kira *Dimorphotheca sinuata*. Masu jin harshen Afirkans suna ce masa jakkalsblom, wato furen dila. Tsiro ne na shekara ɗaya: ya tsiro da ruwan fari, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu kafin zafi ya kama a Nuwamba. Sauran watanni iri ne kawai kwance cikin ƙasa. Dabarar ƙarangiya da tsidau ke nan a jejinmu, sai dai su da damina suke nasu.

Abu biyu hoton ba zai gaya miki ba. Na farko, shimfiɗar da ta fi kauri sau da yawa a kan saura take, tsohuwar gonar da aka taɓa nomewa aka bari, domin furen dila yana cikin masu riga kowa kama ƙasar da aka motsa. Fitaccen wurin nan Skilpad, kusa da Kamieskroon, cikin gandun Namakwa, tsofaffin gonaki ne. Jejin da ba a taɓa ba ya fi yawan nau'o'i, amma bai kai saura ɗaukar ido ba. Na biyu, furen ba ya buɗewa sai da rana. Yakan buɗe da hantsi, ya rufe kafin la'asar sakaliya, ranar hadari ko tsananin sanyi kuwa ba ya buɗewa sam. Kuma rana yake fuskanta, don haka mai kallo sai ya sa rana a bayansa; wanda ya fuskanci rana bayan furen kawai zai gani. Idan iska mai zafi ta taso daga tudu ta yi 'yan kwanaki, sai kakar furen ta ƙare kafin lokacinta.

Tambaya: Ina aji biyu a sashen nazarin halittu. An ba mu *Dimorphotheca sinuata* DC. cikin sunayen da za mu haddace, na kasa riƙe shi. Mene ne ma'anarsa, kuma DC ɗin nan na mene ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗanmu, haddar ce ta wahalar da kai. Wannan suna ba na hadda ba ne, na dubawa ne, domin siffar tsiron ce aka rubuta.

Fara da abin da ido ke kira fure ɗaya. Ba ɗaya ba ne, taro ne. Furen dila ɗan babban dangin Asteraceae ne, dangin shuwaka da latas, kuma duk 'yan dangin suna tara ƙananan furanni da yawa a kan kai guda. Idan ka tsaga kan da reza daga sama zuwa ƙasa za ka ga kashi biyu. Na gefe, waɗanda kowannensu ke da dogon harshe ruwan goro ko ruwan ɗorawa, mata ne zalla. Na tsakiya, 'yan ƙanana kamar bututu, kowanne yana da ɓangaren namiji da na mace. A wannan tsiro duka kashi biyun suna yin iri, kuma irin bai yi kama da juna ba ko kaɗan. Na gefe siriri ne, mai kusurwa uku, mai kaushi, ba fiffike, kamar guntun tsinke. Na tsakiya faffaɗa ne, shafal kamar takarda, da fiffike kewaye da shi. Wanda bai sani ba zai rantse daga tsirrai biyu aka tsinko su.

To, sunan ke nan. Kalmomin Girkanci uku aka haɗa: *dis*, sau biyu; *morphe*, siffa; *theke*, kube ko mazubi. Mazubin iri mai siffa biyu. Shi kuma *sinuata* Latin ne, yana nufin abu mai lanƙwasa ciki da waje, saboda bakin ganyen ba miƙaƙƙe ba ne, yana shiga yana fita.

Wannan iri biyu ba ado ba ne, kuma a ganinmu nan ne daɗin tsiron yake. Mai fiffike iska ce ke ɗaukarsa ta kai shi nesa, kuma yawancinsa yana tsirowa da ruwan farko na shekara mai zuwa. Mai kaushi kusa da uwarsa yake faɗuwa, ɓawonsa ya fi tauri, ba ya gaggawa, wani sai ya tsallake shekara yana kwance. Idan ruwan fari ya yi yaudara, aka tsiro sannan fari ya biyo baya, masu gaggawa sun tafi, amma akwai ajiya a ƙasa. Manomin da ke raba irinsa, ya yi binne da wani ya riƙe wani sai ruwa ya zauna, zai gane wannan lissafi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mu koma kan sunan. Kalmar farko sunan gida ce, akwai nau'o'i kusan 20 a ƙarƙashinta, duka daga kudancin Afirka. Ta biyu ita ke ware nau'i ɗaya daga 'yan gidansu. Wannan tsari na kalma biyu Carl Linnaeus, mutumin Siwidin, ya kafa shi a littafinsa *Species Plantarum* na 1753, kuma masana sun ɗauki 1 ga Mayu 1753 a matsayin ranar da lissafin sunayen tsirrai masu fure ya fara. Duk sunan da ya riga wannan rana ba ya cikin ƙidaya. Abin ya shafi wannan gida kai tsaye: Sébastien Vaillant, Bafaranshe, shi ya ƙirƙiro kalmar *Dimorphotheca*, amma ya rasu a 1722, tun kafin a buɗe rajista. Conrad Moench, Bajamushe mai koyarwa a Marburg, shi ya farfaɗo da ita ya buga ta bisa ƙa'ida a 1794. Shi ya sa za ka ga an rubuta "Vaill. ex Moench", wato daga Vaillant, ta hannun Moench.

DC. kuwa taƙaitaccen sunan Augustin Pyramus de Candolle ne, masanin birnin Janeba a Suwizalan, wanda ya rayu daga 1778 zuwa 1841. Shi ya bayyana wannan nau'i a juzu'i na 6 na babban aikinsa *Prodromus*, wanda ya fito a 1838, daga busassun tsirran da matattara suka kawo Turai daga Afirka ta Kudu. Haruffan ba sa cikin sunan tsiron. Isnadi ne: suna gaya maka wa ya faɗa, don ka koma ka ga abin da yake nufi. Idan ka ga "L." Linnaeus ne, kamar a *Adansonia digitata* L., kukarmu, wadda ya raɗa wa gidanta sunan Michel Adanson da ya yi shekaru yana tattara tsirrai a Sanagal, *digitata* kuma saboda ganyenta mai kama da yatsu.

Tambaya: Malaminmu ya rage mini maki don na rubuta Dimorphotheca Sinuata. Laifina mene ne? Daga wata ɗalibar sakandare a Katsina.

Amsa: 'Yarmu, malaminki yana da gaskiya. Kalmar farko ce kaɗai ke farawa da babban baƙi, ta biyu kullum da ƙarami, ko da daga sunan mutum ko gari aka samo ta. A bugu ana karkata haruffan kalmomin biyu. Da biro kuwa sai ki ja layi a ƙarƙashin kowace kalma daban. Sunan wanda ya raɗa, kamar DC., ba a karkata shi, ba a ja masa layi. Bayan kin rubuta cikakke sau ɗaya, kina iya taƙaitawa *D. sinuata*. Kalma ta biyu ita kaɗai ba suna ba ce, domin akwai tsirrai da yawa masu *sinuata* a gidaje daban daban.

Tambaya: Ina sayar da furanni da irinsu. Wani ƙunshi da aka kawo mini an rubuta *Dimorphotheca aurantiaca*, wani *sinuata*, hoton kuma ɗaya. Akwai na uku mai farin fure, *Dimorphotheca pluvialis* (L.) Moench. Me ya sa masana ba za su tsaya a kan suna ɗaya ba? Ko bagaruwa ma na ji an canza mata. Daga wani mai lambu a Jos.

Amsa: Malam, abubuwa uku ka haɗa, kowanne da dalilinsa.

Na *aurantiaca* kuskure ne da ya daɗe. De Candolle ya yi amfani da wannan suna, mai nufin ruwan lemo, don wani ɗan gidan daban wanda ke rayuwa shekara da shekaru, wanda yau ake kira *Dimorphotheca tragus*. Masu lambun Turai suka ɗora shi a kan furen dila saboda launi, kamfanonin iri suka gada. Don haka idan ƙunshin na tsiron shekara ɗaya ne mai ruwan goro, *sinuata* ne ko barbararsa. A littattafai za ka ga an rubuta "*D. aurantiaca* hort.", wato haka masu lambu ke faɗa, ba haka mai raɗin sunan ya nufa ba.

Yaya aka san kuskure ne? Domin kowane suna a ɗaure yake da busasshen tsiro guda ɗaya da ke ajiye a ma'ajiya, wanda shi ne shaidar sunan. Idan gardama ta tashi, ba ƙuri'a ake kaɗawa ba, takardar da aka manna tsiron a kai ake ɗaukowa a duba. Tarin de Candolle yana nan a Janeba har yau.

Baka biyun da ke jikin na ukun tarihin ƙaura ne. Linnaeus ya sa wa wannan farin fure *Calendula pluvialis* a 1753. *Pluvialis* na ruwan sama ke nan, saboda yana rufewa idan hadari ya haɗu. Saman harshensa fari, ƙasansa da ɗan shuni. Da Moench ya ga irinsa biyu ne, sai ya fitar da shi daga gidan *Calendula* ya kai shi *Dimorphotheca*. Ƙa'ida ta ce kalma ta biyu ta bi tsiron zuwa sabon gida, sunan wanda ya fara raɗawa ya shiga baka, na wanda ya yi ƙaurar ya biyo a waje. Wani lokaci ma a je a dawo. Wanda ake sayarwa da sunan *Osteospermum ecklonis*, de Candolle a *Dimorphotheca* ya sa shi a 1838, aka kai shi *Osteospermum* a 1943, yanzu masanan Afirka ta Kudu sun mayar da shi gidansa na farko, kasuwa kuwa tana nan a kan na tsakiya.

Bagaruwa ta yi ƙaura biyu. *Mimosa nilotica* ce a wurin Linnaeus, ta koma *Acacia nilotica* a 1813, tun 2008 kuma *Vachellia nilotica*. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna abin da ake kira *Acacia* ba gida ɗaya ba ne, dole a raba. Bisa ƙa'idar asali, na Afirka ne ya kamata su riƙe sunan, domin bagaruwa ce shaidarsa. Amma taron masana na duniya a Biyana a 2005 ya mayar da shaidar kan wani nau'i na Ostireliya, inda ake da kusan nau'i 1,000, taron Melbon na 2011 ya tabbatar. Dakwara ta zama *Senegalia senegal*. Masanan Afirka da dama ba su ji daɗi ba, mu ma muna ganin an yi wa nahiyar da sunan ya fito rashin adalci. Duk da haka rabuwar kanta daidai ce, kuma sabon sunan shi ne na aiki. Gawo tun kafin wannan rikici aka ware shi ya zama *Faidherbia albida*.

Akwai kuma canjin da ba na kimiyya ba ne. A taron Madrid na Yuli 2024 an yanke a gyara sunaye fiye da 200 masu ɗauke da *caffra* da makamantanta su koma *afra*, saboda kalmar, wadda asalinta Larabcin nan ne da muka ara muke cewa kafiri, ta zama mummunan zagi ga baƙar fata a Afirka ta Kudu. Cikin waɗanda abin ya shafa har da reshen danya na kudancin Afirka, wanda can ake kira marula.

Shawararmu gare ka: a allon kowace tukunya rubuta sunan da ake karɓa yanzu, ka sa tsohon a ƙasa da ƙananan haruffa, don mai saye da ya zo da tsohon suna a baki ya gane kayansa.

Tambaya: 'Yata ta aiko mini da irin wannan fure. Na shuka a watan Yuni, ya tsiro, cikin mako biyu duk ya kwanta ya ruɓe. Saura kaɗan a takarda. Zai yi a ƙasarmu kuwa? Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa: Hajiya, lokacin ne bai dace ba. Wannan tsiro ɗan sanyi ne da busasshiyar iska. Zafi da laimar damina su ne abin da bai taɓa sani ba a ƙasarsa; su ke tayar da cutar da ke cin gindin jaririn tsiro daidai fuskar ƙasa, ya sirance ya faɗi. Lokacin da ya fi kama da nasu a nan shi ne hunturu. Ki lissafa shi da latas da karas da alkama: shuka daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyarta, fure wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, domin yakan ɗauki wata biyu da rabi zuwa uku. Idan aka makara har Janairu, zafin Maris zai riske shi kafin ya yi abin kirki. Irin ya fi tsirowa idan ɗumin ƙasar shuka yana tsakanin digiri 15 da 20.

Ƙasa ta zama jigawa. A tukunya ki haɗa kwano biyu na yashi mai tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar lambu, kwano ɗaya na takin dabba da ya ruɓe sarai har ya daina wari. Tukunyar ta kai zurfin santimita 20, da huda a gindi. Ta ƙasa ta fi ta roba domin tana numfashi. Laka ba ta yi, ruwa na kwanciya a cikinta saiwa ta shaƙe.

Ki zube irin a faranti ki duba. Masu fiffike su za su fara fitowa, cikin kwana 4 zuwa 10. Masu kama da tsinke ba ƙaiƙayi ba ne, kada ki sheƙe su, sai dai kada ki sa rai duka za su fito a lokaci ɗaya. Ki yafa a inda kike so su zauna, domin ba sa son dashe. Rufi kaɗan, milimita 3 zuwa 5 na yashi. Binnewa da zurfi na cikin manyan dalilan da ke sa a ce iri ya mutu alhali lafiyarsa lau. Ban ruwa da safe, da gwangwani mai ƙananan huda, kullum har su tsiro. Da sun yi ganye huɗu sai ki cire na cirewa, ki bar tazarar santimita 20 zuwa 25, ki koma ban ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. Ki tura yatsa gaɓa ɗaya cikin ƙasar. In da danshi, a bari sai gobe.

Rana yake so tun safe har yamma. A inuwar katanga ko gindin darbejiya zai yi tsawo ya yi laushi, furen ya ƙi buɗewa. Kada ki sa masa yuriya. Taki mai ƙarfi ganye yake ba shi, ya hana fure, ya kuma jawo darɓa. Idan darɓar ta zo, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, a fesa da yamma. Lafiyayyen tsiro ba ya wuce santimita 30.

Ki riƙa tsinke furen da ya yi yaushi don sababbi su fito. Ki bar kai biyar ko shida su bushe don iri, ki cire su kafin iska ta kwashe, ki ajiye a ambulan, ba leda ba. Sabon iri ba ya son tsirowa nan take, sai ya yi watanni a bushe, don haka na Fabrairu na Nuwamba ne. Sauran kada a bari su watsu a waje: wannan fure ya tsere daga lambuna ya zama ɗan jeji a Kalifoniya da Arizona da wasu sassan Ostireliya. Idan kuma za a sake aiko miki, a sani shigo da iri daga waje yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa.

Tambaya: Da na ga hoton sai na ce ina ma shanuna. Dabba tana cinsa? Daga wani makiyayi a Maraɗi.

Amsa: Malam, a yi hattara da 'yan gidan nan. Wasu nau'o'in *Dimorphotheca*, waɗanda makiyayan can ke kira bietou, sanannu ne wajen kashe tumaki da awaki. Suna ɗauke da sinadarin linamarin, wanda ke cikin rogo mai ɗaci. Idan dabba ta tauna ganyen ya isa tumbi, sai ya saki gubar sayanayid, wadda ke hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Irin gubar da gyauron dawa ke saki ke nan, wadda ka sani: haki, rawar jiki, tangaɗi, faɗuwa, wani lokaci cikin ƙasa da awa ɗaya. Haɗarin ya fi yawa a sabon toho, da tsiron da ya yi yaushi, da dabbar da ta zo da yunwa ta ci da yawa a tashi ɗaya. Ƙarfin gubar ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, amma duk wanda ya shuka ɗan gidan nan a tsakar gida ya kange shi daga akuya.

Tambaya: A bayan ƙauyenmu akwai wani ɗan fure da ke fitowa bayan ruwan fari, tsofaffi ma sun saɓa a kan sunansa. Ta yaya zan san sunansa na kimiyya? In kuma babu, zan iya raɗa masa? Daga wani malamin gona a ƙasar Gumel.

Amsa: Malam, hoto a waya ba ya isa, sai an kai tsiron. Ka haƙo shi duka har saiwa, domin saiwar ce ke nuna ko na shekara ɗaya ne. Ka zaɓi mai fure da iri tare. Ka ga yadda a furen dila iri ne ya raba gardama. Ɗauki uku ko huɗu, in suna da yawa. Tun kana wurin ka rubuta kwanan wata, sunan wuri da lambobin taswira daga wayarka, irin ƙasar, tsirran da ke kewaye, tsawo, ƙamshi, ko yana da ƙaro ko nono, da launin fure, domin launi kan gushe in ya bushe. Ka ba kowane tsiro lamba, kada ka maimaita lamba har abada. Duk sunayen da tsofaffin suka faɗa ka rubuta su, da harshen da aka faɗe su, da amfanin da suka ce yana yi. Irin wannan rubutu ne J. M. Dalziel ya tara ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, wanda har yau ake komawa gare shi.

Ka kakkaɓe ƙasar, kada ka wanke. Shimfiɗa shi cikin jarida, kada ya wuce santimita 42 a tsawo da 29 a faɗi. In ya fi haka ka lanƙwasa karan. Juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama. Kan fure mai kauri a tsaga shi biyu. Sa kwali sama da ƙasa, katako biyu, ka ɗaure tam ko ka ɗora bulo biyu. Canza jaridar kullum kwana uku ko huɗun farko, daga nan duk bayan kwana biyu. Da damina rashin canza takarda shi ke sa tsiro ya yi baƙi ya yi fumfuna, don haka ajiye matsin inda iska ke ratsawa. Ya bushe idan kara ya karye maimakon ya lanƙwashe, galibi mako ɗaya zuwa kwana goma. Irin da ya zube ka sa a 'yar takarda mai lamba ɗaya da tsiron. Don kashe ƙwari, ka naɗe busasshen a leda ka sa a firiza mai daskarewa sosai na mako ɗaya.

Sai ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta cibiyar binciken gandun daji a Ibadan, inda za a gwada shi da waɗanda ke ajiye. Mafi yawan lokaci za a tarar yana da suna tuntuni, kuma sunan da ya riga bugawa shi ke da iko.

In ya tabbata sabo ne, ƙa'ida ba ta tambayar digiri, amma tana da sharuɗɗa. A buga sunan a mujalla ko littafin da jama'a za su samu. Tun 1 ga Janairu 2012 mujallar intanet mai rajista ma ta isa. A rubuta bayanin da ya bambanta shi da danginsa. Daga 1935 zuwa ƙarshen 2011 sai da Latin, yanzu Latin ko Ingilishi. A ayyana busasshen tsiro guda a matsayin shaida, sharaɗin da ya fara aiki a 1958, a kuma faɗi ma'ajiyar da yake. Sunan kada ya zama an taɓa ba wani tsiro. Kalma ta biyu tana iya fitowa daga sunan ƙauyenku ko daga sunan da tsofaffin ke kiransa, a yi mata ƙarshen Latin; sa wa tsiro sunan kanka kuwa ba haramun ba ne a ƙa'ida, amma masana suna ɗaukarsa abin kunya. Cikin ukun ko huɗun da ka busar, ka bar ɗaya a ma'ajiyar da ka kai, a aika ɗaya wata ma'ajiya daban saboda gobara da gara, ka riƙe ɗaya tare da littafinka mai lambobin.